Na zauna na saurari tsofaffin faifan da ake zuzutawa, ga abin da kunnena ya ce

Ɗan Auta:
Salamu alaikum 'yan zaure. Kullum in aka ɗauko maganar kiɗa a nan sai manya su ce mu yaran yanzu ba mu san komai ba sai gutsuren waƙa na daƙiƙa talatin. To na yi zuciya. Na tattaro wasu daga cikin faifan da ake cewa duk mai son kiɗa sai ya ji su, kowanne daga fanninsa, na kafa wa kaina doka biyu: daga farko har ƙarshe ba tsallake, kuma ba zan karanta komai a kansu ba sai na gama ji. Ga abin da na samu, kar wanda ya ji haushi.

Kind of Blue na Miles Davis, 1959. Fiyano da bes suka fara lalube, can ƙaho ya shigo. Ina ta jiran mai waƙa ya buɗe baki, har aka yi nisa ba wanda ya ce uffan. A waƙa ta uku barci ya yi awon gaba da ni. Ba zan ce ba daɗi ba, amma irin kiɗan nan ne da ake sakawa a ɗakin jira don kar shiru ya yi yawa.

What's Going On na Marvin Gaye, 1971. Wannan kam nan take ya kama ni. Ban ma san lokacin da waƙar farko ta ƙare ta biyu ta shiga ba, har na duba waya ko maimaitawa take yi. Kuma muryoyi biyu nake ji suna bin juna, duka nasa.

The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, 1973. Ina kwance lafiya lau sai agogo suka barke da ƙara gaba ɗaya, saura kaɗan in jefar da wayar. Can kuma wata mata ta yi ta kururuwa ba kalma ko ɗaya. Da fari na ce wannan ai hauka ne, kafin ta gama tsigar jikina ta tashi.

Paranoid na Black Sabbath, 1970. Na shirya wa hayaniya, sai na tarar da abu mai nauyi amma a hankali yake tafiya. Waƙoƙin tsoro na yanzu sun fi shi ban tsoro nesa ba kusa ba.

Illmatic na Nas, 1994. Waƙa 10, bai kai minti 40 ba. Kiɗan a bushe, maganar kuma ta fi ƙarfina, rabi ban kama ba.

Exodus na Bob Marley, 1977. Rabin ƙarshe ashe duk na san su tun ina yaro ba tare da na san daga faifai ɗaya suka fito ba. Rabin farko kuwa kamar wani mutum daban, fuska a ɗaure.

Tambayata: kunnena ne bai nuna ba, ko dai zuzutawar ce ta yi yawa?

Ba Sani Ba Sabo:
Ƙanena, kunnenka lafiyarsa ƙalau. Abin da ka ji a karon farko shi ne gaskiya. Bayan nan duk lallashin kai ne: ka ji an ce abu gagara-badau ne, ka saurara bai yi maka ba, ka sake, ka sake, har ranar da za ka gaji ka ce e, yanzu na gane. Ba ganewa ba ce, sabo ne. Ko ƙarar janareta in ka daɗe da ita sai ka kasa barci ranar da aka kashe. Mutane da yawa da ke rantsuwa da Kind of Blue tsoron a ce ba su waye ba ne kawai.

Uwar Biyu:
An fara ke nan. Bari in gyara zama.

Kawu Garmaho:
Wa alaikumus salam ɗana. Na yaba maka, ba kowane yaro ke iya ba wa faifai minti 40 na rayuwarsa ba yanzu.

Maganar ɗakin jira ta ba ni dariya, amma akwai abin da ya kamata ka lura da shi. Kai jikokin faifan nan ka fara ji kafin ka ji kakansu. Shekara sama da 60 ana kwaikwayonsa a fina-finai da tallace-tallace da otal-otal, an tsame romon an bar laushin kawai, saboda haka da ka zo gare shi sai ya yi maka kama da masu kwaikwayonsa. Wanda ya ji shi a 1959 daga wani wuri ya taso: ya saba da jaz mai gudu, inda makaɗa ke tseren nuna gwaninta, sai ga wasu sun zo suna busa kamar ba inda za su. Haka zancen Paranoid. Ka ce na yanzu sun fi shi ban tsoro, to ai a kan kafaɗarsa suka taka.

Rabuwar da ka ji a Exodus kuwa ba haɗari ba ce. Faifan garmaho mai dogon zango, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, kowace fuska tana ɗaukar minti 20 da 'yan kai ne. In ta ƙare sai ka tashi ka juya. Mawaƙa sun san da wannan tashin, da shi suke tsara aikinsu. Fuskar farko ta Exodus ta gargaɗi ce da hisabi, daga Natural Mystic da ke tasowa a hankali kamar daga nesa har zuwa Exodus ɗin kanta. Ka juya, sai Jamming ta tare ka da fara'a. Kuma ka tuna a wane hali ya yi shi: ranar 3 ga Disamba 1976 'yan bindiga suka shiga gidansa a Kingston suka harbe shi, da matarsa Rita da manajansa. Bayan kwana biyu ya hau dandamali ya yi wasa da raunin a jikinsa, sannan ya bar Jamaika. A Landan aka ɗauki faifan.

Ba Sani Ba Sabo:
Allah ya ƙara girma Kawu, amma ka ga abin da nake faɗa. Yaro ya ce kiɗa bai yi masa ba, an ba shi darasin tarihi. In faifai sai an yi masa tafsiri kafin ya yi daɗi, to tafsirin ne mai daɗi.

Mai Jita:
Yaya Ba Sani, bari in ba ka amsa ba tare da tarihi ko ɗaya ba, da kunne kawai.

Ɗan Auta, koma kan So What, waƙar farko ta Kind of Blue. Kar ka jira mai waƙa, ba zai zo ba. Abin da ke faruwa shi ne wannan. A yawancin jaz na lokacin, ƙasan kiɗan yana canzawa kusan kowace gaɓa, mai busa yana ta bin sa a guje. A nan kuwa sai suka zauna a kan tsanin sauti ɗaya har gaɓa 16, suka ɗaga rabin taki na gaɓa 8, suka sauko suka yi wasu 8, shi ke nan, a sake zagayowa. Wato an share wa mai busa fili an ce ga shi nan, me za ka faɗa? In ka kasa kunne za ka ji wurin ɗagawar, kamar an ƙara haske a ɗaki kaɗan, sannan a rage.

Wajen minti ɗaya da rabi, mai ganga Jimmy Cobb zai daki farantin ƙarfensa sau ɗaya da ƙarfi, daidai lokacin da Miles zai shigo. Daga nan bi mutum ɗaya-ɗaya. Miles ba ya yawan magana, ya busa 'yan sautuka ya yi shiru, ya bar ka kana jira. Coltrane na karɓa sai ya kwararo, yana tono wuri ɗaya kamar mai neman abin da ya ɓata. Cannonball Adderley kuma ya shigo da raha. Tambaya ɗaya aka yi wa mutum uku, kowa ya amsa da halinsa. Wannan ba sai ka san sunan kowa ba za ka ji shi, in dai ka san inda za ka ajiye kunnenka.

Ga wani gwaji a Dark Side. Waƙar Money, wadda ta fara da ƙarar akwatin kuɗi, gwada tafa mata. Za ka ga tana kuɓuce maka, saboda ƙirgenta bakwai-bakwai ne, ba huɗu-huɗun da jikinmu ya saba ba. Sai an zo kan jitar David Gilmour take komawa huɗu, kuma nan take za ka ji jikinka ya saki. Ka ji wannan tun a karon farko, sanin sunansa ne kawai ba ka yi ba.

Ɗan Auta:
Na gwada tafin yanzun nan. Wallahi gaskiya ne, a na bakwai nake tuntuɓe.

Injiniya:
Tambaya ɗaya kafin a ci gaba. Da me ka saurara?

Ɗan Auta:
Da waya mana, Yaya Injiniya. Wasu da iyafis, wasu na ajiye ta a kan filo.

Injiniya:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Sifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai kauri, ƙanƙantarta ba za ta bari ba. Wanda ya ji Exodus a sifikar waya bai ji Aston Barrett ba, kuma wanda bai ji bes ɗin Aston Barrett ba rabin faifan ya ji. A rege bes ne ke ɗauke da karin waƙar, jita sara kawai take yi a gefe. Haka What's Going On: akwai James Jamerson a ƙasa yana yawo da bes ɗinsa kamar shi ma waƙa yake rerawa. Shi ma Illmatic da ka ce a bushe yake, a waya dole ya bushe, tunda ganga da bes ne jikinsa.

Dark Side kuwa don sifika biyu aka gina shi. Sautuka suna tafiya daga kunnen hagu zuwa na dama, akwai muryoyin mutane can ƙasa-ƙasa suna amsa tambayoyi a kan mutuwa da hauka, akwai bugun zuciya da ya buɗe faifan. Agogon da suka firgita ka, injiniyan sauti Alan Parsons ne ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan da tef aka yi, ana yanka da reza ana liƙawa, ba kwamfuta.

Ni ba na cikin rigimar ji na farko da na biyar. Abin da na sani, in da sifikar waya ka yi, ba ka ma yi na farkon ba tukuna.

Anti Mai Shiru:
Na daɗe ina karantawa ban tanka ba. Ɗan Auta, faifai shida ka lissafo, ba mace ko ɗaya, sai wadda ka ce tana kururuwa, ita ma ba ka san sunanta ba. Clare Torry take. An kira ta sitidiyon Abbey Road aka ce ta rera abin da ya zo mata ba tare da kalmomi ba, aka biya ta fam 30 ta tafi gida. Sai bayan shekara 30 ta kai ƙara, a 2005 aka sasanta aka saka sunanta a matsayin wadda aka rubuta waƙar da ita. Wurin da ya fi taɓa ka a faifan nan gaba ɗaya nata ne.

Tunda ana ba da labarin ji na farko, ga nawa. Blue na Joni Mitchell, 1971. Ba ganga mai ƙarfi, ba tarin makaɗa, daga ita sai fiyano ko jita, da muryar nan tata da ke haurawa sama ba zato. Abin da na ji ba daɗi ba ne, kunya ce. Na ji kamar na buɗe ƙofa na tarar da mace tana magana da kanta, ban san ko in tsaya ko in koma ba. Akwai wata waƙa a ciki, Little Green, na ɗauke ta waƙar reno ce mai sanyi. Daga baya na san cewa a kan 'yarta ce da ta haifa a 1965 tana cikin talauci ta bayar aka rena, ba su sake haɗuwa ba sai 1997. Ba Sani, ga tambayata gare ka: sautin bai canza ba, ko ɗigo. Amma ba zan iya sake jin waƙar nan yadda na ji ta da fari ba. Wanne ne na gaskiya a cikin biyun?

Ba Sani Ba Sabo:
Anti, na farkon ne waƙar. Na biyun labari ne da waƙa a bayansa. Ban ce labarin ba shi da daraja ba, amma in wani ya zo gobe ya ce ashe ba haka aka yi ba, hawayenki sai su koma ina?

Anti Mai Shiru:
Ba za su koma ko'ina ba, don labarin yana cikin baitocin tun 1971, ni ce ban iya karanta su ba. Ba daga waje aka liƙa shi ba. Mutane sun yi shekara sama da 20 suna rera waƙar, ma'anarta na gabansu a fili.

Uwar Biyu:
Anti ta gama magana. Ni dai nawa mai sauƙi ne. I Never Loved a Man the Way I Love You na Aretha Franklin, 1967. Waƙar farko Respect ce. Ba na bukatar kowa ya koya mini inda zan ajiye kunne, kafin ta kai amshi na ajiye abin da ke hannuna. Kuma waƙar Otis Redding ce ta 1965, namiji yana neman a girmama shi in ya dawo gida, ita ta karɓe ta ta juya ta. Akwai faifan da ke kama ka a wuya tun daga ƙofa, akwai wanda sai ka zauna. Ban ga dalilin da zai sa a ce ɗaya ya fi ɗaya ba.

Kawu Garmaho:
Ba Sani, tunda ka ce ji na farko ba ya ƙarya, bari in ba ka misalin kunnen da ya fi nawa da naka. Berry Gordy, mai kamfanin Motown, mutumin da ya gina daula a kan sanin waƙar da za ta sayu. Da aka kawo masa waƙar What's Going On ƙin sakinta ya yi, yana ganin siyasa ta yi yawa, kuma salon jaz ɗin ya tsufa. Marvin ya ce shi ma ba zai sake ɗaukar komai ba sai an sake ta. Ta fito a Janairun 1971, ta yi kasuwa, sannan aka ba shi dama ya yi sauran faifan. Ƙanensa Frankie ya dawo daga yaƙin Biyetnam, da idon irin wannan sojan aka tsara waƙoƙin, shi ya sa suke zuba cikin juna kamar tunanin mutum ɗaya yana tafe a unguwarsu.

Black Sabbath kuwa 'yan jaridar kiɗa na lokacin wankin babban bargo suka yi musu. Illmatic bai yi wata kasuwar a zo a gani ba da ya fito, sai a 2001 ya kai kwafi miliyan ɗaya a Amurka. Duk waɗannan ji na farko ne.

Ba Sani Ba Sabo:
Na gode Kawu, ka kawo mini hujja da hannunka. 'Yan jaridar da suka zagi Black Sabbath su ne dai suka dawo suna rubuta mana jerin faifan da suka fi kowanne. Mujallar Rolling Stone a 2003 ta ce Sgt. Pepper na Beatles ne na ɗaya a duniya. A 2020 ta sake lissafi, Sgt. Pepper ya gangaro na 24, What's Going On ya tashi daga na 6 ya koma na ɗaya, Blue ɗin Anti ya taso daga na 30 zuwa na 3. Me ya canza a cikin faifan? Ba komai. Masu zaɓen aka canza. To wannan shi ne ma'aunin da za a ce yaro ya zargi kunnensa a kansa?

Sannan ku duba jerin Ɗan Auta. Amurka, Amurka, Ingila, Ingila, Amurka, sai Jamaika guda, shi ma a Landan aka ɗauka. Sauran duniya ba sa kiɗa ne?

Mai Jita:
Wannan ta ƙarshen na ba ka ita, Yaya. Jerin nan na masu Turanci ne, kuma faifai mai fuska biyu ba shi ne ma'aunin kowace al'umma ba. Ummu Kulsum ta Masar waƙarta guda a dandamali tana iya cin sa'a, ina za ka saka ta a cikin lissafin waƙa goma-goma? Zombie na Fela waƙar kanta ta haura minti 12, wajen minti biyar na farko ba murya, daga ƙahoni sai gangar Tony Allen. Wanda ya saba da waƙar minti uku zai ce an manta da mai waƙa. Amma lokacin da muryar za ta shigo jikinka ya riga ya shiga layi, kuma da gangan ne, tunda sojan da ke bin umarni ba tunani ake yi wa shaguɓe. Abin da ya biyo baya kowa ya sani, farmakin da sojoji suka kai Kalakuta, gidan Fela, a Fabrairun 1977.

Amma ka lura, ko a nan sai da kunne ya koyi haƙuri. Ba mu tsira daga maganar Kawu ba.

Malam Nazari:
Ina so in dawo da mu kan Illmatic, don an wuce shi da sauri, kuma a nan ne nake ganin Ɗan Auta ya faɗi abu mai muhimmanci: rabi bai kama ba.

Akwai faifan da harshe ba ya tare maka hanya. Na ji Buena Vista Social Club ban san Sifaniyanci ba, na ji Moussolou na Oumou Sangaré ta Mali ban san Bambara ba, kuma ban ji an rage ni da komai ba a karon farko, don murya da kari sun ɗauke nauyin. Rap ba haka yake ba. Nauyinsa a kan harshe yake, kuma ba Turancin makaranta ba, Turancin rukunin gidajen Queensbridge na Niyok, cike da sara da habaici da sunayen da sai ɗan unguwa. Nas yana da shekara 20 lokacin. Gwanintarsa ita ce ba a ƙarshen layi kaɗai yake ajiye amsa-amo ba, yana cusa shi a tsakiya, biyu, uku, ya tsallaka da jimla zuwa layi na gaba ba tare da ya sauke numfashi inda kake zato ba. Kiɗan da ka ce a bushe, da gangan aka bar masa fili. Kuma ba ƙananan mutane suka yi shi ba: DJ Premier, Pete Rock, Q-Tip, Large Professor. Ƙahon da ke rufe waƙa ta uku mahaifin Nas ne Olu Dara ya busa.

Saboda haka shi wannan, dokarka ta kar a karanta komai ta cuce ka. Buɗe baitocin a gabanka ka bi su da ido. Ba tarihi na ce ka karanta ba, Ba Sani, kafin ka taso. Kalmomin waƙar kawai.

Ba Sani Ba Sabo:
Wannan na yarda, Malam. Jin abin da mutum ya faɗa daban, jin abin da aka faɗa a kansa daban.

Uwar Biyu:
A rubuta ranar nan, Ba Sani ya ce ya yarda.

Injiniya:
Tunda an ambaci ji na farko mai ban dariya. Na saka Goldberg Variations na Bach, wanda Glenn Gould ya kaɗa a fiyano, ɗaukar 1981. Dare ne, ni kaɗai, iyafis a kunne. Can sai na ji wani yana gunguni ƙasa-ƙasa a bayana. Na cire iyafis, shiru. Na mayar, ga shi nan. Na duba waya, na duba bayan ƙofa. Ashe Gould ɗin ne da kansa, haka yake yi in yana kiɗa, injiniyoyi sun yi iya yinsu sun kasa raba muryarsa da fiyanon. Ya ɗauki wannan aikin sau biyu, a 1955 yana saurayi ya gama cikin minti 38 da 'yan kai, a 1981 ya kai minti 51, ya rasu shekarar da ta biyo. Wanda ya fara da na 1955 yakan ce na biyun ja yake, wanda ya fara da na 1981 yakan ce na farkon gaggawa ce. Duk wanda na tambaya, wanda ya fara ji shi yake karewa.

Kawu Garmaho:
Na 1955 ne daidai.

Injiniya:
Kawu, wanne ka fara ji?

Kawu Garmaho:
Ba a tambayar babba irin wannan.

Ɗan Auta:
Na aro babban abin kunne na sake bi. Rahoto: bes ɗin Exodus gaskiya ne, Yaya Injiniya, har a ƙirji nake jin sa. Na ji dukan farantin Jimmy Cobb, na kuma ji wurin ɗagawar da Mai Jita ya faɗa. Amma waƙa ta uku ta sake kwantar da ni, in faɗi gaskiya. Paranoid har yanzu bai ba ni tsoro ba, sai dai jitar tana da wani kauri da ban lura da shi ba a waya.

Mai Jita:
Kaurin nan yana da dalili. Tony Iommi, mai jitar Black Sabbath, yana ɗan shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe a Birmingham, kuma a hannun da yake danna tsirkiya. Ya ƙera wa kansa 'yan huluna na roba ya saka a yatsun, ya koma amfani da tsirkiya marasa tauri, daga baya ma ya sassauta ɗaurinsu don rage zafi, sautin ya ƙara yin ƙasa. Duk mai kaɗa jita ya san yadda kan yatsa ke raɗaɗi ko da lafiyarsa, balle a ce ba ya jin tsirkiyar ma sam. Waƙar Paranoid kanta kuwa cike gurbi ce, an ga faifan bai kai tsawo ba aka haɗa ta a gurguje, ita ce kuma ta zo ta ba shi suna.

Barci a waƙa ta ukun nan, Blue in Green, kuma ba laifi ba ne. Ko ni takan kwantar da ni.

Anti Mai Shiru:
Ɗan Auta, zagaye na gaba ka saka Aretha da Joni da Oumou, ka ƙara da The Miseducation of Lauryn Hill na 1998, wanda ya ci Grammy 5 a dare ɗaya. Shi zai fi maka sauƙin shiga tunda rabi rap ne rabi rerawa.

Ba Sani Ba Sabo:
Ya ƙara da Thriller na Michael Jackson. Ga faifan da ba ya bukatar malami. Waƙa 9, 1982, ba wanda ya kai shi kasuwa a tarihi, kuma ba wanda ya taɓa cewa sai ka ji sau biyar.

Kawu Garmaho:
Thriller tarin waƙoƙi ne masu kyau, ba gini ba ne. Ka birkita jerinsu ba abin da zai lalace. Gwada haka da What's Going On ka gani.

Mai Jita:
Kuma ko shi ba daga sama ya faɗo ba. Amshin da ke rufe waƙarsa ta farko daga Soul Makossa na Manu Dibango ɗan Kamaru aka ɗauko, ta 1972, har sai da maganar ta kai ga lauyoyi aka sasanta.

Anti Mai Shiru:
Ba Sani, ka ce ba ya bukatar malami, na ji. To faɗa mini tsakaninka da Allah, in ka saka shi, kana tsayawa ka ji The Girl Is Mine har ƙarshe, inda shi da Paul McCartney suke gardama a kan budurwa, ko tsallakewa kake yi? Don ita suka fara saki a matsayin waƙar tallan faifan, kafin Billie Jean.

Ba Sani Ba Sabo:
Tsallakewa nake yi, Anti. Tun ranar farko.